In Allurar Mai Ta Yi Ƙarya



Yau zancenmu a kan mota ne, irin wadda muke kira a-kori-kura. Babu ƙauyen da bai san ta ba. Ita ke kai mana hatsi da albasa da tumatir kasuwa, ita ke kawo mana taki. In haihuwa ta zo da gardama cikin dare, ƙofar mai ita ake bugawa. Waɗansunku direbobi ne, waɗansu yaran mota, waɗansu sun haɗa kuɗi sun saya, sauran kuwa masu shiga ne. Saboda haka kowa yana da rabo cikin wannan magana.

Akwai wata wahala da ta kan sami wannan mota. Tana cikin tafiya sai ta yi shiru a tsakiyar daji, alhali allura tana nuna da sauran mai. Tumatir ya kwana a hanya ya ruɓe, mara lafiya ya galabaita. Wani lokaci kuma mai mota ya ba da kuɗin mai da safe, da la'asar ya leƙa ya ga allura a ƙasa, sai ya ce direba ya sayar. Direba ya yi ta rantsuwa, ba a yarda ba. Tun da aka janye tallafin mai a Nijeriya a shekarar 2023 mai ya yi tsada ƙwarai, don haka lita ɗaya ma ta isa ta raba abokai. Sau da yawa kuwa babu ɓarawo. Ko dai allura ce ta yi ƙarya, ko kuwa tanki ne ya kasa numfashi. Waɗannan abubuwa biyu nake so mu duba.

Karatun geji

A gaban direba akwai ɗan agogo mai allura ɗaya, direbobi suna ce da shi gejin mai. A gefe guda an rubuta E, a ɗaya gefen an rubuta F. Dukanku kun san baƙaƙen nan. E ita ce farkon kalmar Turanci mai nufin babu kome, F kuwa farkon kalmar da ke nufin an cika. A tsakiya za ku ga 1/2, watau rabi. Tsakanin rabi da E shi ne 1/4, watau kashi ɗaya cikin huɗu.

Ku lura da abu uku game da geji mai lafiya, don kada ku ɗora masa laifin da ba nasa ba. Na ɗaya, in mota tana tsaye a kan gangare, mai ya kan taru a gefe guda, allura ta nuna fiye ko ƙasa da gaskiya. Sai a wuri mai daidai ake karanta geji. Na biyu, tanki ba kamar mudu yake ba, yana da lungu da saƙo, don haka a motoci da yawa allura ta kan daɗe a sama, in ta wuce rabi sai ta riƙa sauka da sauri. Na uku, in allura ta kai E, galibi akwai ɗan saura a gindin tanki. Masu ƙera mota sun bar shi ne domin ka kai gidan mai, ba domin ka kama doguwar hanya ba.

Yadda labari ke zuwa wa allura

Allura ba ta ganin cikin tanki. Labari ake aiko mata, ita kuma ta faɗa wa direba. Kun san yadda masunta ke hawa gora a kan ruwa. In kogi ya cika gora ta tashi, in ya janye ta sauka. To, cikin tanki akwai wata 'yar gora irin wannan, ta roba ko ta tagulla, tana yawo a kan mai. An ɗaura ta a bakin wani siririn ƙarfe kamar hannu. Ɗaya bakin hannun yana gogar wata 'yar waya da aka nannaɗe, ko wani ɗan allo mai zane-zane. Wurin da hannun ya tsaya shi ke ƙayyade yawan wutar da za ta wuce, kamar yadda mai lambu ke buɗe wa ruwa hanya ko ya rage. Wutar ta bi waya har gaban direba ta motsa allura, sa'an nan ta koma batir ta jikin ƙarfen mota.

Ashe ke nan masu kai labarin huɗu ne: 'yar gora da hannunta, da wayar da ta taso daga tanki, da wurin da wuta ke komawa jikin mota, da shi kansa gejin. In ɗaya ya sami ciwo, labari ya ɓaci a hanya.

Yadda ake kama allura da ƙarya

Kafin ka zargi mutum, kafin ka kai wa makanike kuɗi, ka fara da littafi da fensir. Gani ya kori ji.

Da farko ka san yawan man da tankinka ke ci. Akwai mai cin lita 60, akwai mai cin 80. An rubuta cikin littafin da ke zuwa da mota, in babu shi ka tambayi makanike. Dattawan da suka saba da galan su tuna galan ɗaya lita huɗu da rabi ne.

Mu ce tankinka lita 60 yake ci. Allura tana kan rabi, ka je gidan mai ka ce a cika. In allura mai gaskiya ce, wajen lita 30 za a zuba. In ka ga an zuba 45 kafin ya cika, to, lita 15 kaɗai ke ciki sa'ad da allura ke ce maka akwai 30. Ka kama ta ke nan. Ka sake gwadawa a wani gidan mai dabam, domin ka tabbata ba famfonsu ne ya yi maka ƙwange ba.

Sa'an nan ka duba agogon da ke ƙidaya tafiya. Ran da ka cika tanki ka rubuta lambar da ke kansa, mu ce 45,200. Ran da ka sake cikawa ka rubuta kuma, mu ce 45,500. Ka ɗebe ta farko daga ta biyu, saura 300. Kilomita 300 ke nan ka yi. In lita 30 aka zuba maka, ka raba 300 gida 30, ka sami 10. Watau lita ɗaya tana kai ka kilomita 10. Daga ran nan, ko allura ta mutu sarai, ka san iyakar inda manka zai kai ka. Amma fa ka tuna, kaya mai nauyi da rairayi da laka suna ƙara wa mota shan mai.

Wannan littafi shi ne shaida tsakanin mai mota da direba. Kowa ya ga lamba da idonsa, babu sauran rantsuwa. Zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya.

Inda ciwon yake

Ruwa ba ya tsami banza. Kowace irin ƙarya da allura ke yi tana da dalilinta, irin ƙaryar kuwa ita ke nuna maka inda za ka duba.

In ka murɗa makulli, allurar mai ba ta motsa ba, allurar zafin inji ma ba ta motsa ba, kada ka taɓa tanki. Su biyun wuta ɗaya suke ci. Ka duba fis, mai yiwuwa ya ƙone. In za ka sake, ka karanta lambar da ke jikinsa ka sayi mai irin lambar nan. Kada ka ɗaura masa waya a maimakonsa, haka ake ƙona mota.

In allura ta maƙale a F ko a E ba ta sauka ba ta hawa, sau da yawa waya ce ta tsinke, ko ta feƙe ta taɓa ƙarfe. Tankin a-kori-kura a ƙarƙashin bodi yake, inda laka da ruwa da ƙaya ke dukan wayar, ɓera ma ya kan ci ta. Wace ce ke kai allura sama, tsinkewa ko taɓa ƙarfe? Wannan ya danganta ga irin motar, ba duka suke ɗaya ba.

In allura tana rawa, ta hau ta sauka in an shiga gargada, ko ta motsa in an kunna fitila, ka nemi wurin da aka ɗaure waya a jikin mota. Tsatsa ta kan ci wurin. A kwance, a goge har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tam. Wannan gyara ba ya cin ko kwabo.

In allura tana kwance a E kullum, ko an cika tanki, waya kuma lafiya lau, mai yiwuwa 'yar gora ce ta huje ta sha mai ta nutse. In an ciro ta aka girgiza kusa da kunne, za a ji mai yana motsi a ciki.

In allura tana faɗin gaskiya a sama, amma in ta zo wani wuri guda sai ta yi tsalle ko ta faɗi, to, hannun ya cinye wurin da ya fi goga. Wannan ya fi samun wanda kullum ɗan mai kaɗan yake saye, gama hannun ba ya barin wuri ɗaya.

In kuwa mota ta kan mutu da sauran mai a geji, ka durƙusa ka dubi gindin tanki. Dutse ko kututture ya kan loɓa shi ya tura ciki. 'Yar gora ta sauko ta zauna a kan tudun, ba ta kai ƙasa ba, allura ta yi ta cewa da saura, alhali mai ya ƙare.

Mai wayarin yana da dabarar rarrabewa. A tsofaffin motoci, irin su Peugeot 404 da 504 da aka harhaɗa a Kaduna, ya kan cire wayar daga kan tanki, makulli a buɗe, sai allura ta tafi gefe guda. Ya ɗan taɓa ta da ƙarfen mota, sai ta koma ɗaya gefen. In ta yi haka, geji da waya lafiyarsu ƙalau, ciwon yana cikin tanki. Motocin zamani kuwa wayoyi da yawa ne a wurin, har da na famfon mai, sai da na'urar awon wuta ake gwada su. Kada ka yi wannan da kanka.

Ku riƙe wannan ƙa'ida: a fara da mai sauƙi. Fis tukuna, sa'an nan waya, sa'an nan tsatsa. Sauke tanki shi ne na ƙarshe, gama aiki ne babba, wani lokaci ma sai an ɗaga bodi. In makanike ya ce zai sauke tanki tun bai dubi waɗancan ba, ka tambaye shi dalili cikin ladabi.

Tanki yana numfashi

Yanzu mu koma kan abu na biyu. In kun koma gida ku gwada wannan. Ku cika buta da ruwa, ku toshe babban bakin da tafin hannu sosai, ku karkata ta. Ruwa zai ɗan zubo ya tsaya, ko ya riƙa fita da ƙyar. Ku ɗaga hannu, sai ya zubo sharr. Haka kuma mai shayi ya kan huda gwangwanin madara wuri biyu, ɗaya na madara, ɗaya na iska. Dalili shi ne, ruwa ba ya fita daga mazubi sai iska ta shiga ta maye gurbinsa.

Tanki ma haka yake. Kowace lita da inji ya sha, sai iska ta shiga ta cike wurinta. In ana zuba mai, sai iskar ciki ta fita. In rana ta yi zafi, mai ya kan kumbura ya yi tururi, shi ma yana neman hanya. Lita 60 na fetur, in zafinsa ya ƙaru da digiri 10, zai ƙaru da fiye da rabin lita.

A tsofaffin motoci hancin tanki ɗan rami ne a jikin murfi, ko wani siririn tiyo. Tun wajen shekarar 1971 aka fara tilasta wa masu ƙera motocin fetur a Amurka su hana tururin mai fita cikin iska, daga baya sauran ƙasashe suka bi. Saboda haka motocin fetur na zamani murfinsu rufe yake ruf, numfashinsu yana bi ta wani gwangwani mai gawayi a ciki. Gawayin ya riƙe tururin, in inji ya tashi ya tsotse shi ya ƙone. Ban da wannan, kusa da babban tiyon da mai ke bi zuwa tanki akwai wani ƙarami, shi ke fitar da iska sa'ad da ake zuba mai.

Me ke toshe hancin nan? Laka da damina, ƙura da hunturu. Zanzaro ma yana son bakin siririn tiyo, ya kan yi gininsa a ciki in mota ta daɗe a ajiye. Wani lokaci an gyara bodi ne aka danne tiyon ya lanƙwashe. Wani kuma murfinsa ne ya ɓace, ya sayi wanda ba na motar ba, ko ya cusa tsumma da leda.

Alamun toshewa

Alama ta fari, mota ta tashi lafiya da safe, in an yi 'yar tafiya sai ta fara shaƙewa, ƙarfinta ya ragu, ta mutu. A huta kaɗan ta tashi, a yi gaba ta sake mutuwa. In haka ta same ka, ka kashe makulli, ka buɗe murfin tanki sannu a hankali, ka kasa kunne. In ka ji iska ta daɗe tana shiga fuuu, ka rufe, mota kuma ta tashi garau, to, hanci ne ya toshe. Amma ku sani, a motar zamani ɗan huci kaɗan da zafin rana ba ciwo ba ne.

Alama ta biyu, a gidan mai famfo ya riƙa katsewa tun tanki bai cika ba, ko mai ya riƙa tofowa waje. Iskar ciki ce ta rasa hanyar fita.

Alama ta uku, warin fetur ya dami mota, in an buɗe murfi kuma mai ya feso.

Ga inda maganganunmu biyu suka haɗu. In hanci ya toshe, famfo yana ta ja, iska ba ta shiga, tanki ya kan motse kamar robar ruwa da yaro ya tsotse. In ya motse, man da yake ci ya ragu, 'yar gora ta rasa wurin sauka, hannunta ma ya kan lanƙwashe. Sai allura ta fara ƙarya. Wanda bai sani ba ya sayi sabuwar 'yar gora, bayan wata guda ciwo ya dawo, gama bai taɓa tushensa ba. Saboda haka duk ran da allura ta rikice, a dubi hancin tanki tare.

Maganin ba shi da wuya. A cire ƙaramin tiyon daga jikin mota, a kai shi nesa, a zura masa siririyar waya, a hura da famfon keke. A sayi murfi irin na motar. Kada a huda murfin motar zamani da ƙusa, gama in mota ta faɗi mai zai tsiyaye ta nan. In famfon gidan mai ya katse don tanki ya cika, kada ka ce a ƙara, a jijjiga mota a ƙara. Man da ya yi yawa ya kan gangara cikin gwangwanin gawayi ya lalata shi, ka jawo wa kanka toshewar da kuɗinka.

Wuta

Jama'a, ku ba ni kunnuwanku a nan, don wannan zancen rai ne. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, yana rarrafe har ya sami murhu ko guntun taba. Kada kowa ya leƙa tanki da ashana ko fitilar ƙwai. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, gama cike yake da tururi. Kada a kai shi wurin mai walda don an ga ya bushe. Kada a zuƙo mai da baki, in ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana kisa. In za a taɓa tanki, a yi a fili, a kori yara, a cire wayar batir tukuna. Kada garin neman gira a rasa ido.

Kada kuma ku saba barin mai ya ƙare ƙaf. Yawancin motocin fetur na zamani famfonsu cikin tanki yake, man ne ke sanyaya shi, in ya yi ta juyawa a bushe ya kan ƙone. Mai shan man gas kuwa, watau dizal, in ya ƙare iska ta kan shiga hanyar mai, ko an zuba wani sai an fitar da iskar kafin ta tashi. In allura ta kai 1/4, ka nemi gidan mai.

To, jama'a, ga abin da za ku tafi da shi. Allura 'yar aike ce, a ji maganarta, amma a riƙa gwada ta da lissafi. In ta rikice a fara da mai sauƙi, kada kuma a manta da hancin tanki. A yi duk wannan ran da mota ke hutawa a gida, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai zo ba. Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai kowa gida lafiya. Amin.

Tambayoyi domin aji

1. Me E take nufi a gejin mai, me F take nufi?
2. Tanki yana cin lita 80. Allura tana kan rabi, aka zuba lita 55 ya cika. Lita nawa ke ciki da farko? Allura ta faɗi gaskiya?
3. Mota ta yi kilomita 240 da lita 30. Kilomita nawa lita ɗaya ke kai ta?
4. Faɗi abu uku da ke toshe hancin tanki.
5. Don me ba a leƙa tanki da ashana, ko da babu mai a ciki?